Ranar da Kwari Ya Cinye Jakinmu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da yammacin da na fara ganin duwatsun nan ba. Zamanin Turawa ne, farkon damina, na ɗauko amaryata daga Lahodu zan kai ta ganin gida Kagara. Tana bisa jaki, ni ina ja. Rana ta yi gora, sai na hango su daga gefen hanya, jajaye wur, wani kamar raƙumi a durƙushe, wani kamar tsoho da rawani.

A lokacin kaina cike yake da 'yan littattafan da nake saya a kasuwa, inda masoya ke yawo wuraren ban sha'awa. Na ce lallai sai mun ratsa ta busasshen kwarin da ke tsakaninsu.

Ta ce, "Malam, mi kaka nema cikin kwari da damina?"

Na ce, "Dubi sama, amarya, ko ɗigon hadari babu."

Ta sauko, muka shiga da ƙafa. Wallahi wurin ya yi kyau. Hasken rana ya zuba kan duwatsun kamar manja, ina ta nuna mata, ina jin kaina sarkin masoya. Sai ta tsaya cak. Wata iska mai sanyi ta buso, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga wata ƙara can nesa kamar garken shanu a guje.

Ta ƙwala ihu, "Ruwa na! Hau dutse!"

Na tsaya ina jan jaki, ya kafe. Ta cakumi wuyan rigata, ta ce, "Sake shi, Malam! Jaki ka aura ko ni?"

Da ƙyar muka ɗare wani tudu. Ban gama juyowa ba ruwa ya iso, ja, ɗauke da itatuwa, ya fi tsayin mutum. A gaban idona ya naɗe jakin da tsarabar surukaina. Sama kuwa tangaran, rana na faɗuwa abinta. Ashe can gabas aka yi ruwan.

Tun ranar na gane kyawun wuri ba ya hana shi kisa, kuma wadda ta kira ka da gudu ta fi littafi sanin so. Ta rayu har ta ga jikokinmu. Bara waccan ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har cikin ciwon ajalinta, in na yi gardama, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, sake jakin."