Akwatin da Zaituna Ta Daka a Turmi

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne masanin abin da ke ɓoye. Zaituna matar Badaru, ta unguwar Ruwais can ƙasa mai tsarki, mace ce da ba ta yarda da abu sai ta juya shi ciki da bai. Umra ta zo daga Gusau ita da gwaggonta. Gwaggo ta rasu a Makka, Allah ya jiƙanta, ita kuma ta zauna, tun daga nan ba ta taɓa riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Kunun gyaɗa take damawa, mata su zo ƙofar ɗaki su saya. In aka ƙwanƙwasa ba ta buɗewa sai ta ji Hausa, ko ta ji ma sai ta tambayi ɗan gidan wa ne. Ba laifinta ba ne, bayin Allah. Ta ga an kwashe maƙwabta a mota, 'ya'yansu na tsaye bakin titi. Ita ma tana da 'yarta Mastura, tsoronta kullum kar a mayar da ita gida a bar yarinyar a nan.

Badaru shi yana da takarda, walda yake yi. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, tsohon matuƙin jirgin sama ne a unguwar Abhur. Da ya ajiye aiki sai ya sayo ƙarafa daga waje, ya ce jirgi zai haɗa da hannunsa a garejin gida, ɗan ƙarami mai cin mutum biyu. Badaru ke yanka, Badaru ke ɗaurewa.

Wata Alhamis sai ga shi da wani akwati ruwan lemo, kamar girman burodi, da siririyar waya a tsaye a kansa.

"Baban Mastura, wannan kuma fa?"

"Na jirgi ne, wajen jela za a ɗaure shi. Mazauni zan ƙera masa, shi ne na taho da shi in auna."

"Me yake yi?"

"In jirgi ya faɗi sai ya yi ta kira. Kunne ba ya ji, amma hukuma na ji, su san inda kake su zo."

Zaituna ta ajiye ludayi. "Su san inda kake."

"Inda jirgi yake, Zaituna."

"Jirgi yana Abhur, akwati yana ɗakina. Jirgin da ba a gama fiffikensa ba, har an fara shirin faɗuwarsa? Ga direba, ga mai lambu, sai kai mai mata ba takarda aka ba?"

Badaru ya yi dariya. "Halas, ya isa, ke ko agogo aka ba ki sai kin ce yana kai gulma. Barci yake, ba ya magana."

Bai gaya mata abin da ke tashinsa daga barcin ba. Washegari ya tafi Juma'a, ya bar ta da akwati. Ta lulluɓe shi da bargo, hankalinta bai kwanta ba. Ta karanta Ayatul Kursiyyu ta tofa, ta koma gefe tana hararsa. Can ta ce to, abin da ke saurare gara a toshe masa kunne gaba ɗaya. Ta jefa shi a turmin gyaɗa, ta ɗauko taɓarya ta kirɓa masa, ta ƙara. Ko tsagewa bai yi ba. Sai wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa.

Badaru na shigowa ya gani, ya dafe kai. "Innalillahi! Bugu ne ke tashinsa! Faɗuwar jirgi yake jira, ke kin ba shi."

Ya nemi makunnin, taɓarya ta lanƙwasa shi, ya ƙi motsi. Gidan kuwa daga ƙasa har sama mutanen umra ne da suka zauna ba takarda.

"Yalla, maza ɗauki Mastura ki tafi Sharafiyya wajen Rabi'a ƙanwata. Ki faɗa wa na ƙasa kafin ki fita."

Ita ta bi ɗakuna tana ƙwanƙwasawa, shi ya rungumi akwatin ya nufi bakin teku, nesa da gida. Ya buga wa kafili waya a wani shago, ya nemi dakali ya zauna, akwati a cinya, iƙama a hannu. Bayan la'asar wata motar hukuma mai wayoyi a kanta ta yi ta zagaye har ta tsaya gabansa. Jirgi suka zo nema, suka tarar da mai walda. Badaru ya ce akwatin faɗuwa ya yi daga hannunsa, Allah ya yafe masa. Kafili ya iso ya ga sawun taɓarya a jikin akwatin. Da aka tambayi Badaru inda yake kwana ya ce gidan kafili. Tsohon ya dube shi, ya yi shiru, aka yi musu faɗa aka sallame su.

An sayo sabo, Badaru ya ɗaure shi wajen jela a can Abhur, ko ƙofar gareji bai fita da shi ba. Zaituna kuwa ba ta sake taka ɗakin Ruwais ba, sai kayanta aka kwaso mata. Tana Sharafiyya ita da Mastura, alhamdulillahi. In Badaru ya ce kafili mutumin kirki ne, ya rufa musu asiri, sai ta taɓe baki.

"Da ya yi faɗa da na yarda da shi. Shirun nan nasa, ya san ina nan, ajiye ni ya yi zuwa wata rana."