Ginshiƙin da Ke Amsa wa Tsohuwa

A bakin kasuwarmu akwai gidan nan mai haƙarƙarin baƙin katako a waje, ya duƙo kan titi kamar zai raɗa maka gulma. Hukumar kare tsofaffin gine-gine ce ke gadinsa. Ko ƙusa ka buga babu izini, sai kotu.

Yau ga wata tsohuwa a ƙofarsa, siririya, na rantse atishawa ɗaya za ta kai ta Faransa. Ina jin a gidan aka haife ta. Tana manna kunne a ginshiƙi, tana ƙwanƙwasawa da zobenta. Daga ciki ake ƙwanƙwaso mata.

Na zunguri ɗan baffana Hinnerk. "Kai, surukanka na sallama."

Bai yi dariya ba. Kakanninmu agogon mutuwa suke kiran ƙwaron nan mai cin katako yana ƙwanƙwasawa daga ciki, wai in an ji shi wani zai mutu a gidan.

Ya ce wa tsohuwar, "Kaka, a sauya ginshiƙin nan kafin rufi ya danne ki."

"Na roƙa, ɗan nan, sun hana. Wai ya fi ni tarihi." Ta shafa katakon. "Ranar da aka fitar da gawar mijina ginshiƙin ya yi shiru. Shekaranjiya ya dawo."

Ta shige da burodinta, ta jawo ƙofa. Ita kaɗai ce, in ji ta, ta rage a gidan.