Hotunan da Labo Ya Turo Daga Bisau

Duk ranar kasuwar Gidan Rumji za ka iske Labo a rumfarsa kusa da masu igiyoyi, da takalman fata da kwalaben turare a gabansa, da mutum biyar ko shida da ba su zo sayen komai ba. Labari suke zuwa ji, don shi ne ya ga teku. Shi ne kuma ya tafi da ɗana Gini Bisau a shekarar 2023 ya dawo shi kaɗai, kuma tun ranar da ya dawo abu guda nake nema a wurinsa: ya gaya mini inda kabarin yake.

Labo ɗan ƙanwar mahaifina ne, wato taubashina. Shekara guda aka haife mu a Cadakori, rana guda aka sa mu lakol. Ya yi aji biyu ya gudu, ya ce benci na ci masa gindi. Ni na zarce har jami'ar Yamai, na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya. Shi kuwa tun yana da shekara goma sha biyar ya fara cirani: Jos, Abijan, Libarbil, duk inda aka ce ana sayen takalmi da turare da saiwoyin magani. Ba ya karatu, ba ya rubutu, amma yana ciniki da yare shida. Ba marowaci ba ne. Bai taɓa dawowa bai kawo wa mahaifiyata zane ba, har ta rasu. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol a nan, kuma wasansa da ni guda ne tun muna samari.

"Mushe, kai tekunka na takarda ne. In ka naɗe taswira ka sa a aljihu, ko wandonka bai jiƙewa."

Shekara tara kafin abin da zan faɗa ya gano Bisau. Ya ce ƙasa ce da Turawan Fotugal suka bari, mutanenta ba su da abin hannu sai lokacin da yazawa, wato kashu, ta nuna, daga Afrilu zuwa Yuni. A watannin nan uku kuwa ko tsumma ka shimfiɗa za a saya.

Sunan ɗana Ubaidullahi. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, uwarsa Indo ma haka. A gidanmu ba a zama hira da ɗan fari, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba a kiransa a salula don a ji muryarsa kawai. Haka muka taso, ban kuma ga laifin abin ba. Shekararsa ashirin da bakwai, ya gama karatun aikin gona a jami'ar Maradi, ya shekara uku yana kai takardun neman aiki buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan. Da Labo ya ce zai tafi da shi ya riƙe masa rumfa guda, ban ce i ba, ban ce a'a ba. Sun hau mota kwana huɗu bayan ƙaramar Salla.

Hotuna suka fara zuwa a salular ƙanwarsa Munira. Ita ke kawo mini, in duba kamar ba na so, in mayar mata. Akwai shi tsaye a tashar jiragen ruwa, iska ta cika masa riga. Akwai tsohuwar ganuwar Turawa da bindigogin igwa masu tsatsa, da wani layi na gidajen bene da fentinsu ya ɓaɓɓare, itatuwa sun fito ta tagogi. Amma abinci ya fi yawa. Shinkafa da miyar gyaɗa wadda ya rubuta cewa da lemun tsami suke yinta, wata jar miya ta kwakwar manja da kifin da ya kai tsawon kamu guda, kaza gasasshiya, tulin yazawa ja da rawaya a bakin hanya, wadda ya ce ƙwallon kawai suke so, naman sai su bar wa awaki. A ƙarƙashin hoton kifin ya rubuta wa Munira: "Ki nuna wa Inna, ta daina cewa zan rame."

Daga tsakiyar watan Mayu rubutun ya tsaya, hotunan ba su tsaya ba. Kullum ɗaya, wani lokaci biyu. Sai Labo ya turo murya daga tasa salular: ruwan teku ya taɓa ta Ubaidu, ba ta ɗaukar magana, amma yana lafiya, yana gaida kowa, har ya yi kumatu. Munira ta kira sau biyu ba a ɗauka ba. Ta ce mini, "Baba, ko kai za ka kira Kawu Labo ya ba Yaya?" Na ce mata mutanen da suka je nema ba a damunsu.

Ubaidullahi ya rasu ranar Laraba, 17 ga Mayu. Mun ji ranar Litinin, 12 ga Yuni. Kwana ashirin da shida ke nan, kuma a cikinsu hoto talatin da ɗaya ya shigo salular Munira. Duk shi ya ɗauke su kafin ya kwanta. Labo ya riƙa fitar da su ɗaya-ɗaya. A rana ta goma sha ɗaya da rasuwar, ƙannena biyu suka ɗauki goro da alawa suka je Agiye nema wa yaron auren Mansura, malamar lakol da suka yi shekara biyu suna magana. Aka ba su. Indo ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban taɓa jin ta yi a kan yaron nan ba. Hoton ranar, kwanon kawa ne, wata irin katantanwar teku, da aka gasa a ɓawonta.

Ranar Litinin ɗin Labo ya iso da hantsi, bai shigo shi kaɗai ba; ya biya ya ɗauko liman da yayana Garba. Da na ga su uku a bakin zaure, da jakar yaron a hannun Labo, ban buƙaci a gaya mini ba. Liman ya yi abin da ya kawo shi. Zazzaɓi ne, kwana biyar. Uku na farko Labo ya yi ta ba shi jiƙon saiwoyinsa, a na huɗu ya kai shi asibiti.

An yi zaman makoki a ƙofar gidana. Ranar farko Labo ya yi kuka har aka riƙe shi, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Rana ta uku, bayan an shafa addu'a an ci tuwon sadaka, mutane suka saki jiki. Rabo mahauci ne ya fara.

"Labo, wai da gaske mutanen can katantanwa suka ci?"

"Ba katantanwa ba ce, jahili. Kawa ce. A jikin saiwar itace take, cikin ruwan gishiri. Mata ka shiga da kwale-kwale su kankaro ta da adda."

"To ka ci?"

"Na ci mana. A ɗora ta bisa wuta, in ta buɗe baki a matsa lemu, a barbaɗa tonka mai yaji. Kamar majina take, amma in ka fara ba ka bari."

"Tir! Ka bar naman Allah ka tai cin majina."

"Naman wa? Naka da sai an sa gatari? Rabo, kifin da na ci a Bubake, in na kawo ma kansa kaɗai, da ka rufe tukuba ka koma noma."

Aka yi dariya. Wani ya tambayi Bubake, Labo ya gyara zama. Tsibiri ne, awa huɗu a jirgin ruwa. Ya kwatanta yadda ya yi amai a hularsa, da yadda Ubaidu ya yi ta yi masa dariya yana cewa Kawu ya ba da kunyar Gobir. Ya kwatanta tsohon gidan gwamnan Turawa da ya gani a wani tsibirin, awaki na kwana a falonsa. Muryarsa ta dawo daidai yadda take a kasuwa. Ina zaune taki uku daga gare shi, mutane na miƙo mini hannu suna cewa ya haƙuri, idonsu na wurin Labo.

Na jira aka watse bayan la'asar, na kira shi cikin zaure.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Haba Mushe. Mutuwar ɗan fari a salula? Kamar wanda ba shi da dangi? In Indo ta faɗi fa, wa zai tare ta? Na ce sai na zo da ƙafata."

"Hanya kwana shida ce. Ka yi ashirin da shida."

"Kaya na hannuna. Yazawa ta nuna. In na taso, shekarar ta tafi, kuma ba shi zai tashe shi ba." Ya faɗi haka ne a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani.

"Hotunan fa?"

"Don hankalinku ya kwanta. Kun ci abinci, kun yi barci kwana ashirin da shida. Wannan ba alheri ba ne?"

Na tambaye shi inda aka rufe yaron. Ya ce makabartar Musulmi, bayan gari. Na ce wace unguwa, ta wace ƙofa, kusa da me. Ya ce akwai itatuwan yazawa. Na ce ƙasar gaba ɗaya itatuwan yazawa ce. Na ɗauko takarda da alƙalami na ce ya zana mini hanya daga asibitin, shi da ke iya kwatanta kwanar kowace tasha daga nan har Bamako. Ya riƙe alƙalamin ya daɗe, sannan ya ajiye. Ya ce zai ba ni lambar wani Mamadu, Bafulatanin Gini mai kula da masallacin da ke kusa da kasuwar Bandim. Shi ya san komai.

Sati biyu ina bin sa kafin lambar ta fito. Mamadu ba ya jin Faransanci sosai, don haka na nemi Hamidu, makiyayin da ke riƙe mana shanu, ya zauna kusa da ni. Fillancinsu ba iri ɗaya ba ne, sai an maimaita magana sau biyu ko uku, amma sun fahimci juna. Na rubuta abin da Hamidu ya mayar mini, jimla bayan jimla.

Mamadu ya tuna. Ya ce wani dattijo ɗan Nijar ya zo masallaci da safe, ya kawo likkafani mai kyau, ya ce akwai gawar ɗansu a asibiti, a taimaka. Ya ce dattijon bai tsaya ba, don motar da za ta kai 'yan kasuwa wata kasuwar ƙauye ta riga ta cika, kayansa na sama. Su suka ɗauko gawar, suka yi wanka, mutum bakwai suka yi salla. Ya ce saurayi ne dogo, kuma an yi masa komai yadda addini ya ce, in kwantar da raina.

Na ce Hamidu ya tambaye shi ko akwai alama a kan kabarin.

Hamidu ya tambaye shi. Mamadu ya ce a satin da aka rufe yaron baƙi uku suka rufe, jere da juna a gefen katanga: ɗan Nijar, da wani ɗan Mali, da wani da ba a san ƙasarsa ba. Ba a sa alama ba, don ba wanda ya tsaya ya ce a sa. Yanzu damina ta sauka, ciyawa ta kai gwiwa, ƙasar ta kwanta. Zai iya kai ni gefen katangar in na zo. Amma ya rantse ba zai iya cewa wannan ne ba.

Ban gaya wa Indo wannan ba sai bayan wata biyu, da ta fara maganar sayar da saniyarta don in je in gani da idona. Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni ko an san sunan ɗan Malin. Na ce ba a sani ba. Tun daga ranar, in ta idar da salla, mutum uku take yi wa addu'a, kuma ba ta kiran sunan ko ɗaya.