Hulunan Ƙofar Durbi

Shekara biyu da gama bautar ƙasa, yayana bai samu ko aikin sharar ofis ba. Ya zaga ma'aikatun Katsina har takalminsa ya haddace hanya. Daga ƙarshe ya ce bayan Sallah zai bi abokansa su tsallaka hamada neman aiki. Tun ranar idon Inna bai bushe ba.

Ni kuwa na san abin da Yaya ya iya: wankin hula. Tasa kullum tsaye take ƙyam, ko akuya ta hau ba ta lotsawa. Ana cikin goman ƙarshe na azumi na ɗauki buhu na bi gidajen Ƙofar Durbi. 'Ya mace ce ni, ba mai tare ni a zaure.

"Hajiya, Yaya ya buɗe wankin hula, a kawo na Alhaji."

Yaya bai ma san ya buɗe ba. Na juye buhun a gabansa, huluna suka yi tsauni.

"Ke! Mi ne ne wannan?"

"Kamfaninka ne, ranka ya daɗe."

Ya bi ni da tsintsiya har waje. Amma mayar wa dattawa hulunansu da datti abin kunya ne, dole ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a gungume ya buga.

Sai da asubar Sallah na tuna ban riƙe wacce ce ta wa ba. Na raba yadda Allah ya nufa. Limamin unguwarmu ya tafi Idi da hula har gira. Wani Alhaji mai kai kamar tulu kuwa, tasa ta ɗare masa a tsakar ka kamar murfin kwalba. Ana saukowa masu huluna suka cika ƙofar gidanmu ana musaya, ni ina ɓoye bayan randa ina salati.

Can na ji Alhajin nan ya ce wa Yaya, "Malam, ba tawa ba ce, amma ban taɓa ganin wanki irin wannan ba. Aiko a kwaso sauran hulunana."

Ranar da motar abokansa za ta tashi, suka same shi hannu duk kumfa a rumfar da ya kafa. Ya ce su sauka lafiya, shi Juma'a na tafe, mutane na jiran hulunansu. Biyu daga cikinsu suka ajiye jaka suka naɗe hannun riga.

Ni dai an hana ni rabon huluna har abada.