Goggona da Gwangwanin Aji Uku

Shekara ashirin da takwas Goggona ta yi tana koyarwa a aji uku, kuma da ba da labari aka san ta. Kullum idan saura minti goma a tashi, sai ta rufe littafi ta fara. Dokarta ɗaya ce, ba a katse ta. Mai tari ma haɗiyewa yake.

Bara makarantar ta kawo mutum-mutumi mai ba da labari, tsayinsa bai wuce bokiti ba, idanunsa fitilu shuɗɗa. Aka ɗora shi a kan teburinta, aka ba shi minti goman nan nata. Yara suka sa masa Ɗan Malam. Ita Gwangwani take ce masa.

"Yaran da sai na yi tsawa suke zama," ta ce mini tana guga, "yau rige-rigen bencin gaba suke. Saboda gwangwani! Ko majinar yaro bai taɓa sharewa ba."

Wata Talata ta zare wayar cajinsa ta jefa a jaka. Washegari yana tsakiyar labarin wani direba da ya ɓata hanya, sai idanunsa suka mutu. Goggo ta gyara mayafi ta ɗora daga inda ya tsaya, har muryar direban take kwaikwaya.

Wata yarinya mai wushirya ta ɗaga hannu.

"Malama, ba haka yake yi ba. Shi tambayarmu yake, dama za a bi ko hagu."

"Ni ce zan tambaye ku?"

"To ai mu ne muke tuƙin."

Goggo ta ce mini saura kaɗan ta ɗauki jakarta ta fice. Ta dubi fuskokinsu, duk ita suke kallo, abin da ta yi wata huɗu ba ta gani ba.

"To, direbobin banza, dama ko hagu?"

Aji ya kaure. Suka zaɓi hagu, inda ba ta tanadi komai ba. Ta yi ta ƙirƙira tana gumi har aka kaɗa ƙararrawa, babu wanda ya taɓa jakarsa.

Da safe ta mayar da wayar. Hedimasta ya mayar da lokacin Gwangwani zuwa bayan hutun ƙarfe tara, minti goman ƙarshe suka dawo hannunta. Kafin ta fara, sai ta juya fuskarsa bango.

"Kada ya sace mini salo," in ji ta.

Ban tuna mata wanda ya fara satar ba.