Kwana Uku a Teku da Ƙofar da Kekena Bai Shiga Ba

Ranar Litinin, muna idar da sallar asuba na sa mijina Malam ya kulle gida. Yara tun daren Lahadi suna wajen maƙwabciyarmu 'yar Jos, kaya kuwa na riga na jera su a bakin ƙofa: akwati, jakar magani, jakar takardu. Motar haya ta ɗauke mu daga Taman Melati, unguwarmu a nan Malesiya, direba ya naɗe keken guraguna ya sa a but. Waɗanda suka san ni ta hotunan ɗinki kawai, yau ku sani ni gurguwa ce. Shan inna ya same ni ina ƙarama a Kano. Amma girkina, wankana da alwalata ba mai yi mini, kuma tun da na yi wayo ban yarda wani ya ɗauke ni a hannu ba.

Mun tsaya a mamak ɗin unguwa, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi, aka ƙunso mana roti, wata irin gurasa, da shayi mai madara. Hanyar Port Klang sumul take, sai dai ƙofofin biyan kuɗin hanya sun yi yawa. Da muka wuce Shah Alam sai tireloli masu kwantena suka cika titi, gonakin kwakwar manja hagu da dama, sannan doguwar gada zuwa tsibirin da tashar jirgin ruwan yawon shaƙatawarmu take. Kafin ƙarfe takwas mun isa. Aka ce sai rana ta take za a fara shiga.

"Ranki ya daɗe," in ji Malam, "ko matuƙin bai farka ba."

Na ce gara mu jira jirgi da jirgi ya jira mu.

Kafin in ci gaba, akwai laifin da zan amsa. Lokacin da Malam yake cike fom ɗin tafiya a waya, ya karanto mini wata tambaya: ko akwai matafiyin da yake buƙatar taimako na musamman? Na ce ya rubuta babu. Ya dube ni, na dube shi, ya rubuta. A gidanmu haka aka rene ni. Mahaifiyata ta ga yadda mutane ke cusa mini sulalla a hannu a bakin kasuwa ba tare da na roƙa ba, sai ta kafa mini doka: kada in taɓa faɗa wa baƙo abin da ba zan iya ba. Da wannan dokar na yi makaranta har aji uku na sakandare, da ita na yi aure, da ita na zo Malesiya.

Wajen ƙarfe goma sha biyu wata mata 'yar Malay ta iso. Za ta girme ni kaɗan. Tana kan keke mai batir, ja, da ɗan yatsa ɗaya take juya shi. Mijinta na gefenta, hannuwansa a aljihu. Ma'aikata biyu suka tarbe ta da sunanta kamar sun kwana suna jiranta. Ni da na fi awa huɗu a wurin, sai da muka kai teburin rajista wata yarinya ta duba kwamfuta, ta dubi kekena, ta sake duba kwamfuta. Ta ce ba a sanar da su ba, kuma ɗakunan masu keke kaɗan ne, an kama su tuntuni. Na ce ba komai. Raina kuwa tun daga nan ya fara ɓaci, kuma ba da yarinyar ba.

Ni tela ce, tef ɗin awo ba ya barin jakata, don haka zan ba ku abin da na auna. Gangarar shiga jirgi ta yi tsayi da yawa, sai da mutum biyu suka tura ni. Lif yana da faɗi, maɓallansa ƙasa-ƙasa, wannan sun kyauta. Kafet ɗin barandar ɗakuna mai kauri ne, yana riƙe taya kamar yashi. Faɗin kekena inci ashirin da biyar. Ƙofar ɗakinmu inci ashirin da uku. Ƙofar banɗaki ashirin, da dakali mai tsawon inci shida a bakinta. Ciki babu ƙarfen dafawa, babu wurin zama a yi wanka.

Malam ya sunkuya ya ɗauke ni ya ajiye a gado, ya naɗe keken ya shigo da shi. Da zan yi alwalar la'asar ya sake ɗaukata, ya zaunar da ni a kan masai, ya tsaya a ƙofa don ba ta rufuwa da ƙafafuna a wurin. Shekara goma sha shida da aurenmu, ranar ya fara tsaya mini a ƙofar banɗaki. Na ƙirga, kafin mu kwanta sau tara ya ɗauke ni, mutumin da ya haura hamsin, wanda aikinsa riƙe alli ne da biro.

Abinci kam akwai shi, kuma an rubuta halal a inda ya dace. Shinkafa mai kwakwa, kifi, kaza, kankana. Barkono ne dai ba irin namu ba, sai da na fito da yajina. Matsalar ita ce teburan da aka jera tukwane sun kai mini haɓa, ba na ganin abin da ke ciki sai Malam ya faɗa mini. A nan matar nan ta same mu. Ta danna wani abu, kujerarta ta ɗaga sama, ta leƙa tukunya ta zuba abin da ranta ke so. Malam ya saki baki. Ya zagaya keken yana tambayar mijinta awa nawa batir yake yi.

"Malam," na ce, "miya tana hucewa."

Ta matso kusa da ni. Da guntun Turancina da guntun Malay muka gaisa, na kira ta Kak, wato yaya, ta kira ni Adik, ƙanwa. Ta tambayi ɗakinmu. Da ta ji, sai ta dafa hannuna ta ce banɗakinta a buɗe yake gare ni kowane lokaci, ta faɗi lambar ɗakin. Na ce na gode, namu ya wadatar. Na ci abincin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari muka sauka a Penang. Jirgi ya jingina da gaɓa, fita ba wuya. Garin tsofaffin gine-gine ne masu kyau, amma gaban kowane shago da nasa tudun, wani sama wani ƙasa, dole muka bi gefen titi tare da babura. Na sayi yadin batik biyu, tsadarsu ta ɗara ta titin Jalan Tuanku Abdul Rahman inda nake sari, na saya ne don kada a ce na je ban sayo komai ba. Kak ta wuce mu sau biyu, mayafinta na kaɗawa, mijinta na shan ruwan kwakwa. Malam kuwa rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Da muka dawo ɗaki ya sunkuya zai ɗauke ni daga gado, sai na ji ya ce "Wash!" Ya durƙusa a wurin. Baya ya riƙe. Da ƙyar ya ja jiki ya kwanta a ƙasa, yana cewa in ba shi minti biyar. Na ba shi rabin awa. La'asar tana wucewa, ni kuma ina da buƙatar banɗaki tun muna cikin gari.

Ga yadda na yi, bi da bi. Na sauko daga gado da hannuwana. Na tura naɗaɗɗen keken waje. Na ja jiki a ƙasa na bi shi, abin da rabona da yi tun ina 'yar firamare. Wasu Sinawa biyu suna wucewa, suka tsaya, na ɗaga musu hannu su wuce. Na buɗe keken, na ja birki, na hau. Sannan na nemi lif na tafi ɗakin da na ce ba na buƙata.

Kak ta buɗe, ta dubi ƙurar kafet a zanena. Ta nuna banɗaki ta ce, "Boleh, boleh," wato bismillah. Na shiga da kekena har ciki, na juya, na rufe ƙofa da hannuna. Ƙasa a shafe, ba dakali. Ƙarfen dafawa hagu da dama. Benci a jikin bango, ana sauke shi. Kan shaya mai igiya daidai kafaɗata, madubi daidai fuskata. Na yi wanka, na yi alwala, ba kowa a kaina. Bayan na gama na fito da tef na auna komai, ƙofar inci talatin da biyu. Ina aunawa ina jin kishi, don jirgi ɗaya ne, hawa biyu kawai tsakaninmu.

Na tambaye ta ko wani babba ta sani a kamfanin. Ta yi dariya har da tafi. Ta ce tun watanni ta kama ɗakin, ta buga waya sau uku tana tambayar faɗin ƙofa da tsayin gado, ta sa suka turo mata hoto. Na ce mu a wajenmu wannan kamar roƙo ne.

"Adik," ta ce, "ke da kike ɗinki, kina sayen yadi ba ki tambayi faɗinsa ba?"

Haushi biyu na ji, na ɗakin da na gaskiyarta.

Rana ta uku Langkawi. Jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, ƙananan jirage ke kwasar mutane, kuma sai mai iya taka matakala. Ni da Kak duka aka bar mu a sama. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi kaɗan da na ga jan keken nan shi ma ya tsaya. Daɗin bai daɗe ba, don ita ta san da haka tun a gida, ta ma tsara ranar. Ta ja ni ofishin kula da baƙi. Na karanta awona, ta fassara, wani jami'i ya rubuta: a saka faɗin ƙofofi a shafin sayen tikiti, a rage tsayin tebur ɗaya a wurin abinci, a faɗa tun farko wace tasha ce mai keke ba zai sauka ba. Da na ambaci wanka, ya ce ai suna da kujerar wanka a sito, ana bayarwa ga wanda ya tambaya. Kafin azahar an kawo ta, an kuma turo ma'aikaciyar jinya ta duba Malam. Kwana biyu kujerar nan tana ajiye, bayan mijina yana lalacewa.

Ranar Alhamis da hantsi muka sauka. A mota na jera abin da na koya. Na farko, ki auna kekenki kafin ki biya ko sisi. Na biyu, ki tambayi ƙofa, banɗaki da kowace tasha, a rubuce. Na uku, dokar mahaifiyata ta tsare ni daga masu sadaka a Kano, amma a teku ba ta kare ni ba, kuma ba ni na biya farashinta ba, gadon bayan Malam ne ya biya. Kishin ɗakin Kak da kekenta kam har yanzu yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai abin da na fi yi mata hassada a kai shi ne bakinta.

Daga inda mota ta ajiye mu zuwa lif ɗin benen da muke zaune akwai 'yar tafiya, Malam kuma ba ya iya miƙewa. Na ce ya kama hannuwan kekena ta baya ya jingina. Ya sakar mini nauyinsa, ni nake murza taya ina jan mu duka biyu. Maƙwabciyarmu ta hango mu daga baranda.

"Sannu Malam! Kullum kai ne da turi, Allah Ya ba da lada!"

Ya buɗe baki zai gyara mata, na ce ya yi shiru ya riƙe da kyau. Ladan nasa ne, tun ranar Litinin ya ci shi.