Gwaji na Uku da Yaya Sabi'u Ya Bari

Shekara huɗu ke nan da aka kai Yaya Sabi'u makwancinsa. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Rano lokacin. Mutane sun ce na yi dauriya. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba, har yau kuma bai zo ba. Ƙananan abubuwa kawai na riƙe: murfin biron da yake taunawa, silifas ɗinsa da ƙafar hagu ta fi cinyewa, da layi uku ja a fuskar kwamfuta.

Yaya ya rubuta wa wata ƙungiyar manoma ta Kibiya manhajar awon gona. Mutum zai zagaya gonarsa da waya, manhajar ta faɗi girmanta, a san takin da ya dace da ita. A tsohuwar kwamfutarsa komai daidai yake. Amma ofishin ƙungiyar ba wuta, sai ya mayar da aikin kan wata 'yar na'ura mai aiki da sola, wadda ƙwaƙwalwarta irin ta waya ce. Yana da gwaje-gwaje da yake wa manhajar, gonakin da an riga an san amsarsu. A sabuwar na'ura duk suka fito kore, ban da uku.

Bambancin can ƙarshen lambobi yake, bayan ɗigo, inda ido ke gajiya kafin ya kai. Alhaji Ɗanlami, shugaban ƙungiyar, ya zo har zauren gidanmu ya ce wannan ai ko tafin akuya bai kai ba, a sassauta gwajin a ba su kayansu. Yaya ya ce sassautawa layi ɗaya ne, amma da yayyafi kogi ke cika, ba zai miƙa abin da bai san dalilinsa ba.

Dalilin biyu daga cikin ukun ya gano. Da kwanon awon Umma ya nuna mini, ina tsintar wake a gefensa. Ya ce na'ura ba ta iya riƙe lamba duka, dole ta shafe kai kamar mai awo. Tsohuwar takan ninka ta shafe, ta tara ta sake shafewa. Sabuwar tana haɗa aikin biyu, ta shafe sau ɗaya. Ashe sabuwar ce ma ta fi kusa da gaskiya.

Na ukun wata gona ce a Fassi, doguwa siririya kamar ɗankwali. A nan bambancin ya fi girma. Ya rubuta a littafinsa: "Fassi, ban gane ba tukuna." Washegari zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyar.

Umma ta naɗe na'urar a zani ta sa a ƙasan akwati. Duk gabatowar damina Alhaji kan aiko, Umma ta ce mai ita bai sallame ta ba. Bana da kansa ya zo, ya ce in ba za ta samu ba su haƙura, su ci gaba da awo da igiya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. 'Yan ajinmu waya suke tambaya amsar lissafi, ta ba su, su kwafe. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tauna biro ne ya ce, to, me ya sa?

A hutun da ya wuce na ciro na'urar. Sannu ba ta hana zuwa. Mako uku ina bin littafinsa da rana, bayan wanke-wanke, har na lura da abu guda. Lambobin da waya ke bayarwa manya ne, don daga wata uwa duniya take faro ƙirga. Gonar kuwa siririya ce. In an ninka manya an ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage kaɗan ne, ɓarin shafe kai ya yi yawa a cikinsa. Manomi ba ya haka. Daga gambar kan iyakarsa yake fara taku. Sai na sa manhajar ta ɗauki kusurwar farko ta gonar a matsayin mafari. Na gwada a tsohuwar, na gwada a sabuwar. Amsa ɗaya. Layin ya koma kore.

Na zauna ina jira in ji wani abu. Kaji na tono a tsakar gida. Umma ta leƙo da faifai a hannu.

"Ya ƙare, Auta?"

"Ya ƙare, Umma."

Ta daɗe tana kallon koren. Ta ce a aika wa Alhaji, ta koma kan bakacenta.

Ban san abin da ke saura na mutum ba. Silifas an bayar, biro ya bushe. Na'urar tana Kibiya yanzu, masu awon gona da ita wasunsu ba su taɓa jin sunansa ba. Wataƙila abin da ya rage shi ne ƙin miƙa abin da ba a gane ba. Allah Ya yi masa rahama.

Littafin yana wurina. Na rubuta dalilin a ƙarƙashin layinsa da nawa biron. Nasa "tukuna" ɗin ban soke ba.